Wuta-wuta da Maganar da Ake Yi a Ƙarƙashin Ƙasa

Manomin ƙasar Hausa ya raɗa wa wata ciyawa sunaye da dama, kuma babu na yabo a cikinsu. Wasu na ce mata ƙuduji, wasu makasar dawa, wasu wuta-wuta. Na ƙarshen nan ya fi kama hoton ɓarnarta, domin gonar da ta shiga takan zama kamar an bi ta da baƙin wuta: ganye ya yi rawaya ya nannaɗe, kara ya tsumbure, alhali ruwa na sauka, ƙasa na da laima. Sai bayan makonni, lokacin da aikin gama ya riga ya gama, mai laifin ke leƙowa daga gindin hatsi, 'yar siririya da ita, da fure mai ruwan hoda zuwa shunayya. Baƙon da bai san noma ba in ya wuce gonakin tudu tsakanin Gandi da Rabah a watan Satumba, yana iya tsayawa ya yaba kyan furen. Mai gona kuwa ya san rumbunsa ne ke ci da wuta.

Sunan da masana ke kiranta da shi, Striga hermonthica, yana da nasa tarihin. Delile, masanin tsirrai da ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar a 1798, shi ya siffanta ta a rubuce a 1813, ya jingina sunanta ga tsohon garin Hermonthis da ke bakin kogin Nilu. Bentham na Ingila ya mayar da ita cikin dangin Striga a 1836. Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa yana tara tsirrai, ya buga littafinsa na sunayen tsirran Hausa a 1916, da ƙuduji a ciki. Duk waɗannan sun kalli abin da ke bisa ƙasa ne. Tarihin da ya dame ni na abin da ke ƙarƙashinta ne, na yadda aka yi shekara sittin ana gano cewa saiwar hatsi da ta wannan ciyawa suna musayar saƙo, har da saƙon da ke iya kulle ƙwayar gadon abokin gaba.

Sai dai kafin ɗakin bincike akwai gona, gonar ma tana da tarihi. Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno, inda ya rasu a 1837, manufarsa ta haɗa da zaunar da jama'a wuri ɗaya, makiyaya da manoma da masu sana'a, su tsare iyaka su kuma ciyar da kansu. Ribaɗi ba ya yawo. Mutumin da ke kwana cikin ganuwa ba ya iya barin gona ta huta shekara goma ya tafi saran sabon daji, musamman da yake dajin Gundumi da ke gabas hanyar mahara ce a wancan zamani. Barth, matafiyin Jamus da ya ratsa shi a 1853 kafin ya sauka Wurno, tafiyar dare da rana ya yi ba zango. Haka ƙasar da ke kewaye da Sakkwato ta zama ƙasar noma na dindindin, ana shuka gona ɗaya damina bayan damina. Wannan kuwa shi ne irin zaman da wuta-wuta ke so.

Ƙasar tamu iri biyu ce. Akwai fadama, ta Rima da ta gulbin Sakkwato, inda ake shinkafa da albasa da tafarnuwar da aka san Wurno da ita. Madatsar ruwan Goronyo, da aka kammala a 1984 mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, fadamar ta yi wa aiki. Akwai kuma tudu mai rairayi, inda ake gero da dawa da wake, wato inda tuwon gida da furarsa ke fitowa. Wuta-wuta ba ta son ƙasar da ruwa ke kwanciya. Ciyawar tudu ce, saboda haka ciyawar talaka ce, wanda ba shi da injin ban-ruwa balle kadada a bakin gulbi.

Magabata ba su zauna sun zuba mata ido ba. Da rani ana jigilar taki da toka da sharar gida a mangala bisa jakuna zuwa gona. Bayan girbi ana shiryawa da Fulani su kwana da shanu a gonar, a ba su dami ko kara. Ana barin gawo a tsakiyar gona. Ana gicci, a ratsa layin hatsi da wake. Ana sa auduga ko gyaɗa a gonar da ta gaji. Ana tumɓuke ciyawar kafin ta zubar da iri. Kakana, Allah ya jiƙansa, in ya ga gonar wani ta yi ja da fure, yakan ce gonar da ta ƙoshi ba ta kiran ƙuduji. Kalmar kira ya yi amfani da ita, kuma kimiyya ba ta samo wadda ta fi ta ba.

Ga dalili. Ƙwayar irin wuta-wuta kamar ƙura take, ba ta kai rabin milimita ba, tsiro ɗaya kuma yana zubar da dubun dubata. Guzurin da ke cikinta bai wuce na 'yan kwanaki ba, don haka in ta tsira babu saiwar da za ta kama kusa, ta mutu. Sai ta kwanta cikin ƙasa, shekara goma, har zuwa ashirin, tana jira. Abin da take jira bai fito fili ba sai da annobar ta taɓa masu kuɗi. A 1956 aka ga wata 'yar'uwarta, Striga asiatica, a gonakin masara na jihohin Karolina a Amurka, gwamnati ta tashi haiƙan, ta killace gonaki, ta zuba kuɗi cikin bincike. A 1966 Cook da abokan aikinsa suka tace wani sinadari daga ruwan da saiwar auduga ke fitarwa, suka kira shi strigol. Ɗigonsa kaɗan ya isa ya tayar da irin daga barci. Auduga tana kira, irin ya tsira, ya tarar ba ya iya kama ta, ya mutu da yunwa. Manomin da ke sa auduga a gonar da ta gaji tarko yake ɗanawa, tun kafin a san sunan abin da ya sa a bakin tarkon. Amurkawa suka bi wannan dabara ta hanyarsu, suna cusa iskar etilin cikin ƙasa don irin ya tsira a banza, har suka kusa share ta ƙaƙaf bayan shekaru da dama.

Tambaya ta rage, kuma ta ɗauki shekara kusan arba'in. Me zai sa hatsi ya riƙa kiran makashinsa? A 2005 Akiyama da abokansa a Jafan suka ba da amsa: ba ita yake kira ba. Akwai wata fumfuna ta alheri a cikin ƙasa, mai zare siriri, wadda ke shiga saiwa ta kawo mata sinadarin fosfaras daga nesa, ita kuma a biya ta da sukari. Ita ake kira. Bincike na gaba ya nuna cewa in fosfaras ko naitirojin ya yi ƙaranci, saiwa takan ƙara yawan sinadarin kiran, wato yunwa ke sa ta ɗaga murya. A 2008 kuma aka gano cewa wannan sinadari yana aiki a cikin jikin tsiron kansa, yana ƙayyade yawan 'ya'yan da zai fitar daga gindi, saboda haka ba abu ba ne da hatsi zai daina yi kawai. Wuta-wuta ta laɓe ne tana sauraron maganar da ba da ita ake ba. Wani abin da ya ba ni sha'awa, a 2015 aka nuna cewa kunnen da take ji da shi ya samo asali ne daga wani furotin da wasu tsirrai ke jin hayaƙin gobarar daji da shi. Wanda ya raɗa mata wuta-wuta bai san haka ba, amma sunan ya zauna.

Wannan shi ne babin kira. Babin da ya fi shi zurfi yana farawa ne bayan ta isa. Da ta taɓa saiwar hatsi, bakin saiwarta yakan kumbura ya zama matsotsi, ya huda, ya kutsa har ya haɗu da jijiyoyin mai gida. Daga nan jiki biyu sun zama kamar ɗaya na tsawon makonni a ƙarƙashin ƙasa. An daɗe ana ɗauka ruwa da abinci kawai ke bin wannan ƙofa.

Don a fahimci abin da ya sauya wannan zato, sai na ɗan ratse. A cikin kowane tantanin halitta akwai DNA, wanda za a iya kwatanta shi da kundin malami da ba ya fita daga ɗaki. Kowane babi a cikinsa ƙwayar gado ce, mai bayanin yadda za a ƙera wani furotin. In ana bukatar babi, sai a kwafe shi a kan wani abu mai suna RNA, kamar yadda ake kwafe darasi a allo, a kai maƙera, a yi aiki da shi, a wanke. Wannan kwafi shi ne RNA ɗan aike. Duk wanda ya iya tare ɗan aiken nan a hanya ya kashe babin, ko da kundi na nan lafiya lau.

A 1990 Napoli da Jorgensen a Kalifoniya suka ƙara wa furen fetuniya ƙwayar gadon launi don ya ƙara turuwa, sai wasu furannin suka fito farare fat. Ƙarin ya kashe na asali ya kashe kansa. A 1997 masu bincike a Faransa suka yi wa taba aure, irin auren da ake yi wa mangwaro, suka ɗora lafiyayyen reshe a kan gindin da aka kulle wa wata ƙwayar gado, sai kullin ya hau sama ya kama reshen. Wani abu ke nan yana tafiya. A 1998 Fire da Mello suka nuna a jikin wata 'yar tsutsa cewa RNA mai igiya biyu ne ke tayar da wannan aiki, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2006. A 1999 Hamilton da Baulcombe a Ingila suka ga guntayen da ke aikin a cikin tsirrai. Gajeru ne ƙwarai, harafi 21 zuwa 24. Guntun yakan hau kan wani furotin mai yanka, ya zama masa ɗan jagora: duk ɗan aiken da rubutunsa ya dace da na guntun, a tare shi a datse. Ambros da Ruvkun, da suka fara cin karo da irin waɗannan guntaye tun 1993, sai a 2024 aka ba su tasu Nobel ɗin.

Idan saƙo na iya ƙetare mahaɗar aure, me zai hana shi ƙetare matsotsi? Ai matsotsi ma aure ne, na dole. Amsar farko ta fito ne daga wata ciyawa mai suna kuskuta, wadda ba ta da saiwa ba ta da ganyen kirki, sai zare rawaya da ke nannaɗe karan tsiro. A 2007 ɗakin binciken Westwood a Bajiniya ya sami RNA ɗan aike na tumatir da na kabewa a cikin jikinta. A 2014 suka ƙirga, suka tarar abin ba ɗigo ba ne, ambaliya ce: a gwajin da suka yi da wani ƙaramin tsiro mai suna Arabidopsis, kusan rabin ire-iren 'yan aikensa sun bayyana a jikin kuskuta, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nata kuma sun shiga jikinsa. A 2018 Shahid da Axtell da abokansu suka kai ga abin da ake nema. Kuskuta tana ƙera guntayen RNA na musamman a daidai matsotsi, masu harafi 22, tana tura su cikin mai gida, suna datse 'yan aikensa. Ɗaya daga waɗanda suke datsewa na furotin ne da ke toshe jijiyar abinci in an ji mata rauni, kamar yadda jini ke daskarewa a bakin ciwo. Dabarar matsattsaku ce sak, sai dai ita da rubutu take yin ta.

Ba tsakanin tsiro da tsiro abin ya tsaya ba. A 2013 ɗakin binciken Hailing Jin a Kalifoniya ya nuna cewa fumfunar Botrytis, mai ruɓar da tumatir da inabi, tana tura guntayenta cikin tsiro, su hau furotin mai yanka na tsiron kansa, su sa shi ya datse saƙonnin kariyarsa. Da ɗan gari akan ci gari. A 2016 masana a Beijin suka ga akasin haka, auduga na tura nata guntayen cikin fumfunar da ke sa ta yaushi. A 2018 aka ga cewa tsiro na ƙunshe su ne cikin 'yan ƙananan jakunkuna kafin ya aika. Har abokan arziki ma haka suke yi: duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ya ga ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, gidajen bakteriya masu kamo naitirojin daga iska. A 2019 aka nuna a waken suya cewa bakteriyar na aika guntayen RNA su sassauta wasu ƙwayoyin gadon saiwa don a buɗe musu ƙofa.

Akwai wurin da ya kamata a ja linzami. A 2012 wasu masana a Nanjin ta ƙasar Sin suka ba da rahoton ganin guntun RNA na shinkafa a jinin mutane, suka ce yana taɓa aikin hanta. Labarin ya zaga duniya, amma ɗakunan bincike da dama da suka maimaita gwajin ba su sami abin da ya kai haka ba. Masu tallan magunguna ba sa jiran ƙarshen irin wannan muhawara, kuma ina ganin wanda ya ce tuwon da muke ci yana juya mana ƙwayoyin gado ya riga malam masallaci.

To ina tamu wuta-wutar a cikin wannan tarihi? Shaida mafi ban mamaki a kanta ta fito a 2010. Satoko Yoshida da Ken Shirasu na cibiyar RIKEN a Jafan suna karanta ƙwayoyin gadon Striga hermonthica, sai suka ci karo da wata da babu irinta a danginta na tsirrai masu faffaɗan ganye, amma ga ta kusan sak a cikin dawa. Ma'ana, a wani zamani mai nisa, wani babi daga kundin dawa ko wata ciyawa 'yar'uwarta ya bi ta matsotsi, ya shige kundin wuta-wuta, ya zauna, ana gadonsa har yau. A ƙarshen babin kuma sun ga jerin harafi ɗaya da aka maimaita, irin wutsiyar da ake samu a jikin RNA ɗan aike, abin da ya sa suka yi hasashen cewa ta hanyar kwafin allo ya ƙetara. Kowace wuta-wuta da ke fure a gonakin Goronyo tana ɗauke da guntun gadon wanda take kashewa.

Da jin haka tunani zai tafi ga ramuwa. In ƙofa a buɗe take, a sa hatsi ya ƙera guntayen da za su shiga ciyawar su kashe mata abin da ba ta rayuwa sai da shi. An gwada, kuma a wasu danginta ya yi aiki: a 2008 an kulle ƙwayar gado a jikin wata mai suna Triphysaria ta hanyar latas ɗin da take tsotsa, a 2009 an raunana wata mai kama tumatir ta haka. A kan ƙwari ma dabarar ta kai kasuwa, domin a 2017 Amurka ta amince da masarar da ke ƙera RNA mai kashe tsutsar saiwa, a 2023 kuma da maganin feshi na RNA don ƙwaron dankali. Amma gwajin da aka ba da rahotonsa a 2007, na masara a kan Striga asiatica, bai ba da kariyar da aka sa rai ba. Wani ɓangare na dalilin yana cikin aikin da Inge Dörr ta buga tun 1997, bayan ta duba matsotsin da madubin ƙara girma mai ƙarfi. Tsiro na da jijiya iri biyu, ta ruwa mai hawa daga saiwa, da ta abinci mai rai wadda guntayen RNA suka fi bi. Kuskuta na haɗuwa da duka biyun. Wuta-wutar hatsi da jijiyar ruwa take haɗuwa, tana barin ƙofofin ganyenta a buɗe ko da rana ta take, don ta riƙa zuƙo ruwan mai gida da ƙarfi. Babbar hanyar da saƙon ramuwa zai bi, ita ba ta gina ta ba.

Inda aka fi ganin yaƙin saƙonni a ƙasarmu shi ne wake. Shi ma yana da tasa wuta-wutar, Striga gesnerioides, gajeruwa mai kauri, wadda ba ta taɓa hatsi, kamar yadda ta hatsi ba ta taɓa shi. An samo wani wake daga Botsuwana mai lamba B301 da ba ta iya ci. Singh na cibiyar IITA da Emechebe na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda asalinta ke komawa 1922, suka bi yadda ake gadon wannan juriya, aka yi ta barbara a Kano, har aka fitar da irin da aka saki a Najeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10. A 2009 Li da Timko a Jami'ar Bajiniya suka ware ƙwayar gadon da ke ba B301 kariya daga nau'in ciyawar da ke Najeriya da Nijar. Aikinta na mai gadi ne: da ta ji shigowar matsotsi, sai ta sa tantanin da ke wurin su mutu, baƙuwa ta tarar da toka maimakon abinci. Sai dai a Zakpota ta Jamhuriyar Benin akwai wani nau'i da ke cin B301 hankali kwance. A 2020 aka gano yadda yake yi. Yana tura wani furotin da ya yi kama da na waken kansa, ya shiga ya riƙe wanda ke tayar da ƙararrawa, mai gadi ya yi shiru. Abin da ya faru a Zakpota babu abin da ya hana shi faruwa a Rabah, domin iri mai juriya da aka shuka shi kaɗai shekara da shekaru yana tace masa abokin gaba ne, har sai wanda ya iya da shi ya rage.

A dawa kuwa binciken ya zagayo ya faɗo a kan hannun manomi. Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ya sami Kyautar Abinci ta Duniya a 2009, ya daɗe yana aiki da wata dawa mai lamba SRN39 wadda ba ta tayar da irin wuta-wuta sosai. A 2017 ɗakin bincikensa ya gano sirrin: lalacewar ƙwayar gado guda ɗaya ta sa dawar ta sauya nau'in sinadarin kiranta zuwa wanda ciyawar ba ta ji da kyau. Ba ta yi shiru ba, harshe ta sauya. A 2020 wasu masana suka duba ire-iren dawar gargajiya ta Afirka, suka tarar wannan lalacewa ta fi yawa a yankunan da wuta-wuta ta fi addaba. Babu wanda ya shirya haka a ofis. Tsoho ne da tsohuwa, kaka bayan kaka, suna ware zangarniyar da ta tsira a mummunar gona suna ratayewa don iri. A ganina wannan ne sakamako mafi nauyi a duk tarihin, kuma shi ya sa nake jin tsoro duk lokacin da na ga an bar irin gida ya ɓace don an raba wani a buhu.

Ban raina sabon ilimin ba. Najeriya ta kafa hukumar kula da irin da aka sauya wa ƙwayar gado a 2015, ta kuma saki wake mai jure tsutsar fure, SAMPEA 20-T, a 2019, don haka ranar da za a kawo iri mai aika saƙon RNA akwai ƙofar da zai bi, akwai kuma muhawarar da za a sha. Amma wanda ya karanta tarihin nan a tsanake zai ga cewa abin da aka tabbatar yana aiki a kan wuta-wutar gero da dawa har yanzu yana bakin kira ne, kafin a kai ga matsotsi: a ƙosar da saiwa ta rage murya, a sa mai kiran ƙarya kamar auduga da waken suya, a shuka mai baƙon harshe, a tumɓuke wadda ta fito kafin ta yi iri. Gero ma, wanda mu Sakkwatawa shi muke nufi in mun ce hatsi, bai sami rabin kulawar da dawa da masara suka samu a ɗakunan bincike ba.

Waɗannan dabaru kuwa duk suna bukatar abin da ya yi wuya a gabashin Sakkwato yanzu. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kusa, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka kwararo Gandi. Tun daga lokacin, shekara bayan shekara, gonakin nesa sun zama abin tsoro, jama'a ta matsu a 'yan gonakin bakin gari, ana maimaita gero a kan gero. Shanun da aka kore sun tafi da takinsu. Tsohuwar yarjejeniyar manomi da makiyayi, wadda ke sa garke ya kwana a gona bayan girbi, zargi ya cinye ta a wurare da yawa. Takin zamani ya yi tsada tun bayan tashin farashi na shekarun nan. Wanda ya gudo da rigar jikinsa bai ɗauko zangarniyar irin kakansa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara wa saiwa yunwa, ita kuma tana ƙara ɗaga murya.

Gonakin da aka bari ma ba su warke ba tukuna. Duk irin wuta-wutar da ya zube a cikinsu a kakar 2017, kakar ƙarshe kafin harin, wani kaso nasa na nan da rai a cikin rairayi, kuma bisa abin da aka sani na tsawon kwanansa, zai iya kaiwa bayan 2030 yana sauraron saiwar gero ta farko da za a mayar wurin.